Iya Faɗin Ƙofar Shago

Tun da aka kafa dokar injuna, duk wanda ya ƙera inji da hannunsa shi ke zaman gadinsa. Haka Tanimu kafinta ya wayi gari da munduwar hukuma a hannu, saboda injin sassaƙar da ya haɗa da tarkacen firintar kwamfuta da sarƙar babur. Muddin injin yana aiki ba shi da izinin barin shago, aikin hukuma kuwa ba ya yankewa.

Yau Baba Sambo, wanda ya koya masa riƙon zarto, ya rasu. Lawwali, ɗan marigayin, ya leƙo.

"Yaya Tanimu, kashe abin nan mu tafi jana'iza mana."

"Ni na haɗa shi, Lawwali, amma makunnin yanzu ba a hannuna yake ba."

Sai Lawwali ya sa aka biyo da makarar ta layin kafintoci. Tanimu ya sa kafaɗa, ya raka malaminsa iya faɗin ƙofar shago. Munduwar ta fara zafi, alamar ya kai iyakarsa. Ya saki, wani ya karɓa.

A bayansa injin ya yi ƙara, yana neman katako.