Hannun Auta Ba Ya Barin Kaushi

Auta tana faɗaɗa hoton, a waje kuwa ana dukan ƙofar shagon kamar za a ɓalle ta.

Gawar Baba tana ɗakin ajiya a bayanta, tsakanin kwalayen sababbin allunan talla. Da hantsi aka same shi, an rotsa masa kai da ƙarfen ɗaure allo, bakinsa cike da jini, kaya a watse ko'ina. Tsoho ne, amma duk wanda ya leƙa ɗakin nan ya san bai tafi da sauƙi ba.

Tsohuwar kyamarar ƙofar baya abu ɗaya ta kama: wani mutum yana fita da sauri, gefen fuskarsa kawai, sanye da rigar aiki ruwan lemo. Mutanen layin, masu walda da direbobi da mahauta, sun rantse ba za su jira hukuma ba. A sa musu fuskar a babban allon da ke saman shagon, su ga ɗan banzan da idonsu.

To, hoto ya ƙi. Da ta faɗaɗa shi sai hanci da haɓa da kunne suka koma matakala-matakala, tamkar bakin zarto. Haka allo yake: ƙananan ɗigo ne masu kusurwa huɗu a jere, layin da ya karkata dole ya fito da kaushi. Maganinsa shi ne a cike tsakanin da launi tsaka-tsaki, har ido ya ga layin sumul. Wannan kuwa aikin Auta ne tun tana tsayawa kan kujera kafin ta kai teburin. Baba har tsokanarta yake yi, wai ko tsinin ƙaya ta gani a allo sai ta goge.

Baffa, autan su Baba, yana tsaye a kanta. Ko hular kwanon da yake hawa sandar allo da ita bai cire ba tun da ya shigo da gudu, gumi na zuba masa. Shi ya fara kwala ihu, shi ya rufe wa Baba ido.

Ta bi fuskar sau ɗaya. Matakalar hanci ta narke, ta haɓa ta bi ta. Goshin gidansu ne wannan, wanda duk namijin da aka haifa a zuri'ar yake ɗauke da shi. Rigar kuma ta san ƙusar da ake rataye ta. Ta babban wanta ce, Yaya. Yayan da jiya-jiyan nan ya yi wa Baba tsawa a gaban ma'aikata, ya ce ya gaji da zama yaron shago, ya buga ƙofa ya fita.

Wuri ɗaya ya ƙi kwanciya, a saman kunne. Ta sake bi, yana nan da tsininsa.

"Ga saura can, Auta," in ji Baffa a hankali. "Kada ki nuna wa jama'a aiki rabi. Babanki bai koya miki haka ba."

Haushi ya turnuƙe ta. Yau ma, yau da ubanta ke kwance cikin jini, allo zai yi mata taurin kai? Ta ɗauko launin fata ta cike gurbin da hannunta, ɗigo bayan ɗigo, har kunnen ya zagaye tsaf. Ta danna, fuskar ta hau babban allo.

Sai wani mahauci ya ce, "La ilaha illallahu! Ɗansa ne!"

Ƙaddara ta riga fata, daidai lokacin Yaya ya karyo kwana a kan babur, an kira shi an ce ya zo maza. Bai kai ga kafe babur ɗin ba aka fizgo shi. Gora ta fara sauka a kafaɗarsa, sanda ta bi, wani ya zo da bulo. Ya faɗi, ya miƙe, aka sake kai shi ƙasa. Haƙorinsa ya yi tsalle kan kwalta. Yana ta ɗaga hannu wajen tagar shagon yana kiran, "Auta! Auta, me na yi?"

Tana tsaye a tagar, ba ta motsa ba. Ta tsane shi a lokacin, tsana irin wadda ba ta taɓa sanin tana da ita ba, har ta ji bugun bai ishe ta ba. Da suka gaji suka ja baya, ba abin da ke motsi a jikinsa sai bakin rigarsa.

Aka shigo da shi aka shimfiɗe a ƙasan shagon. Baffa ya zauna kan kwali ya dafe kai, yana cewa gida ya mutu.

Ana haka sai tsohon maƙwabcinsu, wanda ya shiga kimtsa Baba, ya fito da ƙyalle a dunƙule, fuskarsa ta sauya.

"Yarinya, ki yi haƙuri da abin da zan nuna miki. A tsakanin haƙoran mahaifinki na ciro wannan. Guntun kunnen mutum ne."

Auta ta durƙusa gaban Yaya. Ta juya kansa dama, ta juya hagu. Ba inda ba a fasa ba a jikin nan, amma kunnuwansa biyu lafiya lau, sumul kamar wanda ta zana da hannunta.

Ta ɗago a hankali, sai a lokacin ta ga abin da ke bin igiyar hular kwanon Baffa yana ɗiga a wuyan rigarsa, ja wur, ba gumi ba ne.