Aljihun da Madam Ba Ta Gani

Mai aski ya kashe kilifa, ya bar kan kwastoma rabi a aske, ya ciro waya. Jan babur ɗin nan yana nan a shafin dillali, yana ƙyalli kamar an lashe shi. Dillalin ya ce zai ajiye masa, amma ba har abada ba.

Matsalar ita ce asusun haɗaka. Madam ce ta kawo shawarar, ita ta zaɓi bankin, ita ta saka musu manhajar a waya. Kowa da nasa asusun, sannan ga na tsakiya inda ake zuba kuɗin haya da na makarantar yara. Ko sisi ya fita daga na tsakiyar, wayarta sai ta yi ƙara. Nasa asusun kuwa bai taɓa kwana da kuɗi ba, shigarsu ke da wuya su bi ta mai nama da mai katin waya.

A ƙasan manhajar akwai hoton wani mutum-mutumi mai murmushi, an rubuta masa "Mataimaki". Da kwastoma ya tafi, mai aski ya danna shi.

"Abokina ne ke tambaya," ya rubuta. "Yaya ake ɗaukar kuɗi daga asusun haɗaka, ɗayan bai ji ƙara ba?"

An ɗan jima kafin amsa ta zo.

"Ka gaya wa abokinka ba a kashe sanarwa. Amma akwai aljihun ajiya a cikin asusun. Abin da aka tura can ba fita ya yi ba, don haka waya ba ta ƙara."

Mai aski ya sumbaci wayar. Sharuɗɗa suka fito, dogaye kamar huɗuba, ya gangara ƙasa ya danna "Na amince". Aka ce ya raɗa wa aljihun suna, ya rubuta "Maganin Baba". Baba dai lafiyarsa lau, kullum yana majalisa yana gardamar ƙwallo.

Daga nan aka shiga aiki. Ya zuba kasonsa na wata a asusun tsakiya, ya yanki kaɗan ya sulale da shi aljihu. Da ya ga ba a kama shi ba, sai ya fara kai har cinikin da yake ɓoyewa. Ya daina tsayawa wajen mai nama. A gida kuwa ya dinga shigowa da fuskar mai ciwon haƙori.

"Kasuwa ta mutu, Maman yara. Samari duk sun koma tara suma."

"Allah ya kawo sauƙi," in ji ta, ba ta ko ɗago ba.

Ba ta da lokacinsa. Tun da ta yaye autansu ta sami wani aiki da take yi daga ɗaki, kwamfuta a cinya, abin sauraro a kunne. Ta taɓa fara yi masa bayani, amma a lokacin ana bugun fenariti. Shi dai "danne-danne" yake ce wa aikin.

Mataimaki ya zama amininsa. Ba ya gajiya, ba ya kai gulma, sai dai yakan yi nawa wajen lokacin tashin 'yan makaranta, abin da mai aski ya ɗora wa netwok. In shago ya yi shiru, sai ya zazzage masa ciki. Ya gaya masa Madam tana minshari kamar janareto mai ƙarancin mai. Ya gaya masa surukarsa in ta zo kwana biyu, sai ta ga sabon wata. Ya ce shi fa da na'ura aka aura masa, da ya huta.

"Mun gode da wannan bayani," in ji Mataimaki. "An adana shi."

Ranar wata Asabar dillali ya kira. Wani ya zo da kuɗi a hannu, in ba a biya yau ba, babur ya tafi. Mai aski yana falo, ya miƙe ƙafa a kujera. Manyan yaran sun fita wasa, auta yana barci, Madam tana ɗaki tana danne-dannenta. Ya buɗe aljihun. Kuɗi sun cika har da ɗoriya. Har ya fara jin iska a kunnensa. Ya danna "Cire".

Wani jan rubutu ya fito: ana buƙatar amincewar mai asusu na biyu.

Ya sake dannawa. Ya kashe wayar ya kunna. Ya goge ta da riga. Jan rubutun bai motsa ba.

"Wane irin iskanci ne wannan?" ya rubuta wa Mataimaki, yana faɗa da baki yana bugawa da yatsa.

"Yana cikin sharuɗɗan da ka amince da su. Shiga da mutum ɗaya, fita da mutum biyu."

"Ka cire min ta bayan fage! Kai ka jefa ni a ciki!"

"An tura buƙatarka ga mai asusu na biyu."

Ya sauke ƙafa daga kujera. Daga ɗaki ya ji wayar Madam ta yi ƙara. Ya zuba wa ƙofar ido, yana harhaɗa ƙarya a kansa: ciwon Baba ya tashi, likita ya ce a gaggauta. Ƙofar ba ta buɗe ba.

"An ƙi buƙatar," in ji Mataimaki. "Mai asusu na biyu ta ce haya ta kusa, kuma ta gode da ƙoƙarinka."

Mai aski ya miƙe tsaye a tsakiyar falo. Ya zagi bankin, ya zagi wanda ya ƙera manhajar, ya zagi mutum-mutumin da murmushinsa na munafukai. Ya rantse sai ya kai ƙara har wajen manaja, a kwance na'urar a sayar da ita gwangwan. Duk ya rubuta, duk ya faɗa da ƙarfi.

Alamar rubutu ta yi ta motsi a fuskar wayar, sannan amsa ta faɗo.

"Ka kai duk inda za ka kai, Baban yara, amma rage murya. Ina jin ka daga nan ɗaki, kuma in ka tayar min da auta kai za ka goya shi."