Siririyar Taya, Faffaɗan Rim

Dattijon ya ajiye faffaɗan rim, ƙarfen da ake sa wa taya, a gabana, ya ɗora masa siririyar taya. "Irin na samarin nan nake so. A ja ta har ta kama."

Shekara tara ina aikin taya a garin Penrith, ban taɓa ganin mai furfura ya nemi wannan gayu ba. Na ce, "Baba, wace yarinya za a burge?"

Bai yi dariya ba. Ya ja kujera ya zauna yana kallon hannuna.

Na shafa wa bakin tayar sabulu. Sau uku ina harba mata iska kafin ta buga ƙara kamar bindiga ta kama, gefenta ya miƙe, leɓen rim a waje. Na san in iskarta ta ɗan ragu aka sha kwana da gudu, kwaɓewa za ta yi daga rim. Amma mai kaya bai tambaya ba.

Na gangaro masa da ita. "Ga ta nan, ta yi kyau."

"Shi ke nan? Ba abin da za ka gaya min?"

"Sai dai a sha yawo lafiya."

Ya miƙe a hankali. "Haka ka sallami ɗana a watan Mayu. Tayar gaba ta kwaɓe masa a hanyar Picton. Ranar Juma'a muka binne shi. Uwarsa ta dage cewa lallai ka gargaɗe shi, shi ne bai ji ba. Shi ya sa na zo in ji da kunnena."