Baƙar Rigar Casimiro

Herminia ta ɗaga baƙar rigar mijinta za ta jiƙa, sai ta ga hodar mace a kafaɗa. Karo na uku ke nan a mako ɗaya. Ta shinshina. Ƙanshin farin fure ne, irin mai hawa kai.

Wata uku da suka wuce kuɗin mota ya tashi a birnin Lima, albashi kuwa ya tsaya inda yake. Daga kan tudunsu zuwa masana'antar bulo a can ƙarshen gari, inda mijin nata Casimiro ke kama aiki da tsakar rana, bas biyu ne da babur mai ƙafa uku. A kuɗin ƙasar, sol huɗu da rabi zuwa, huɗu da rabi dawowa. Sun bar nama, sun bar madara. Allurar ciwon sukarin 'yarsu Yesenia ce ba ta baruwa.

Wata safiya Casimiro ya tura mata rabin kuɗin motarsa a kan tebur.

"Na dawowa kawai za ki riƙa ba ni, tsohuwa. Na samu masu kai ni."

"Su wa?"

"Mutanen kirki."

Ba ta ƙara tambaya ba, don kuɗin nan su suka cike na allura. Amma daga ranar ya daina fita da kayan aiki a jiki, sai a jaka. Baƙar rigarsa ta zuwa coci yake sawa, kullum a goge. Yana aske gemu. Yana fita da wuri. Yakan dawo da biskit a aljihu ya miƙa wa Yesenia, shi da ko ruwa ba ya saye a hanya. Ya kuma yi shiru, shirun mutumin da ya ɗauko abin da ba ya faɗuwa.

Maƙwabciyarta Fortunata ce ta ƙarasa mata a wajen famfo.

"Ke, tsohon naki ya zama ɗan gaye fa. Jiya daga tagar bas na hango wata ta rungume shi kamar za ta haɗiye shi. Mu da muke cewa ya ƙare."

Herminia ta yi dariya tare da ita, ta koma gida. Shekara ashirin da shida da aure, ta wuce kukan soyayya. Abin da ta hango daban ne: macen da ke biya wa namiji mota yau, gobe ɗaki za ta ba shi. In Casimiro ya tafi, albashinsa ya tafi, allura ta tafi.

Washegari ta bi shi. Ya gangara matakalar tudu a ƙafa, ya tsallaka kasuwa, ya wuce asibiti. Minti arba'in tana binsa da takalmin roba, numfashi na neman ƙwace mata.

A gaban wani zaure mai shuɗiyar ƙofa ya tsaya, inda mutane suka taru. Herminia ba ta dubi kowa ba, shi kaɗai take gani. Ya cire hula. Wata mata mai baƙin tabarau ta faɗa kafaɗarsa, ya bubbuga bayanta, ya riƙe hannunta har cikin wata doguwar bas mai labule.

Herminia ta kutsa cikin bas ɗin. Sol biyun burodin gobe ne a hannunta, ta miƙa wa direba.

Ya ture hannun. "Ajiye abinki, Mama. Dangi sun biya, mai rakiya ba ya biya."

"Mai baƙar rigar can na baya," ta ce, "matar nan mece ce tasa?"

Direba ya duba madubi, ya girgiza kai, ya tayar da mota a hankali, ya bi bayan motar da ta ɗauki akwatin gawa.

"Wannan? Ko sunan mamacin bai sani ba. Wata uku ke nan kullum yana rakiyar gawa a motata, yana kukansa na gaske, amma bai taɓa isa maƙabarta ba. A ƙofar masana'antar bulo yake sauka."