Agogon Da Ya Daina Tambaya

"Anya kuwa rana ta faɗi?" Wata tsohuwa ce ta tambayi jikarta ta bayan katanga, rediyo na kiran sallar magariba. Amaryar da ke maƙwabtaka da su ta ji, tana tsame ƙosan buɗa baki daga mai. Ta ɗaga kai, sai ga sauran hasken rana jajawur a ƙololuwar darbejiya. Mijinta ne kuwa ke kula da babbar kwamfutar gidan rediyon garin, wadda ke sakin kiran salla da kanta in lokaci ya yi. Ya taɓa gaya mata, yana dariya, wai na'urar nan ba ta yarda da kanta ba, kullum sai ta tambayi wasu agogunan nesa ta intanet, ta daidaita nata. To, tun da damina tsawa ta ƙona abin da ke haɗa ta da su. Ya saita ta da agogon hannunsa, ya ce sai an samu sarari a gyara. Sarari bai samu ba. Ita kuwa na'ura ta yi ta wuce gaba, yau ƙiris, gobe ƙiris. Sauran kwamfutocin da agogon ɗakin watsa shiri duk daga wurinta suke karɓar lokaci, saboda haka in an duba sai a ga bakinsu ɗaya. Ladanin unguwa ma sai ya ji rediyo yake miƙewa.

Da mijin ya dawo, ta so ta tambaye shi. Ta ajiye masa kunu, ta buɗe baki, kunya ta rufe shi. Ita da ko firamare da ƙyar ta gama, me ta sani game da inji? Washegari ta sake ganin hasken, ta kawar da kai, ta kai dabino baki tare da kowa. Haka aka yi ta tafiya har azumi ya raba, ranar da wani direban babbar mota ya ji kiran salla yana kallon ƙwayar rana a fili, ya zarce gidan rediyon da faɗa. Malamai suka ce duk wanda ya sha ruwa da rediyo sai ya rama. Tsohuwar nan, mai fama da gyambon ciki, ba ta zagi kowa ba, cewa kawai ta yi Allah ya ba ta iko. Mijin amarya kuwa aka karɓe makullan ɗakin kwamfutar daga hannunsa.

Da yamma ya zauna a tabarma, ya yi tagumi. "Amarya, gari guda, a ce ba wanda ya ɗaga kai ya dubi sama?"

Ta dubi darbejiyar, ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da dama kunu. A ranta ta ƙudurta ba mai jin labarin hasken da ta gani daga bakinta, ko shi, ko innarta. Inji ya daina tambaya, ita ma ta kasa, alhali Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.