Ranar da Jumai Ta Yi Waya

Wata takwas kenan saƙon shigar kuɗin tallafin Jumai na shigowa wayar Kyari, don da lambarsa aka yi mata rajista. Duk wata sai ya ratso Lafia a babur ya faɗa mata, ta kawo masa ruwa ya zauna. Gidansa babu mai kawo masa.

Yau ta fito riƙe da sabuwar waya, idonta a ƙasa.

"Da kuɗin na saya, har da data. An canza lambar. Ka huta, Malam Kyari."

"Na ce miki na gaji?"

Ta shiga murza bakin mayafinta.

"To, ba ni lambar."

"Yayana ya ce kada in ba ka."

Ya daɗe riƙe da kofin, bai sha ba.