Kogin Gonloga

A ƙofar makarantar Malam Ja'afaru da ke Nasarawo, ko kular abinci ba ta shiga sai an buɗe ta. Shekarar da bom ya tashi a tasha ce, don haka Iro maigadi yake shafa wa kowa na'urar nan mai ƙara, daga malamai har 'yan aji ɗaya masu majina. An taɓa tsare wata uwa a rana saboda cokali.

Mota ɗaya ce ba a tsayarwa, ta Alhaji Bubayero, shugaban ƙungiyar iyaye da malamai. Ai ko kunya ba za ta bari ba. Shi ya sayi na'urar, shi ya kawo buhunan yashi, har maganin ƙwayar cutar kwamfuta shi ya zo da shi a filas, kyauta, ya tsaya aka saka a kwamfutar ofis. Da ya danno hancin mota Iro zai wangale ƙofa yana sarawa: "Baban Ihsan, barka da zuwa!"

Malam Ja'afaru kuwa ba ya gajiya da nuna wa baƙi tsaron da ya kafa. Waje ga yashi, ciki ga wata garkuwa koriya a gefen allon kwamfuta, alamar maganin nan da Alhaji ya kawo, kullum tana shaida masa cewa komai lafiya. Shi a ganinsa barikin soja ma sai dai ya zo ya ɗauki darasi.

Sai aka yi jarrabawar ƙarshen zango, 'yan aji shida suka wayi gari malamai. Yaron da bai iya rubuta sunansa daidai ba ya ci tamanin. Da an tsaya nan da an ce albarka ce ta sauka, tunda ajin ne na Ihsan, haziƙar yarinyar nan mai hannun kyauta da hotonta ke kan allon makaranta. To amma an tambaye su kogin da ya ratsa jihar, ajin kaf ya rubuta "Gonloga". Yaran Gombe, a ce ba su san Gongola ba!

Wuri ɗaya ne a duniya ake da kogin Gonloga: cikin amsoshin da Ijeoma ta buga a kwamfutar ofis, inda yatsanta ya zame.

Ijeoma ce mai buga takardun makarantar. A Tudun Wada aka haife ta, kuma da danginta suka tattara suka koma kudu ita ta ƙi tafiya, don wannan aikin take riƙe kanta da mahaifiyarta. Yanzu ga kwamiti ya zauna a kanta. Alhaji Bubayero ya fi kowa ɓacin rai, bawan Allah. Ya ce kora kaɗai ba ta isa ba, a miƙa ta ga jami'an tsaro, domin mai sayar da amsa yau gobe zai sayar da makarantar ɗungurungum. A shekarun nan kowa ya san wanda aka miƙa ba lallai a sake ganinsa da wuri ba. Tsoro ya kama ta sosai.

"Oga, Allah ya sani ban ba kowa ba," ta ce da Malam Ja'afaru. "Na sha gaya maka kibiyar nan ta kan allon kwamfuta tana yawo da kanta, ka ce jenareta ne. A kira mai gyara ya duba."

Don a nuna an yi adalci aka aika kasuwa aka ɗauko Jesse, wani mai gyaran kwamfuta da bai san kowa ba a ɗakin. Shi ma sai da Iro ya laluba shi har safa.

Bai jima yana dannawa ba ya ce akwai turojan a ciki. Irin wannan, in ji shi, ba ya fasa ƙofa, ba ya haihuwa ya bazu kamar sauran cututtukan kwamfuta. Shigar mutunci yake yi ya zo a matsayin abu mai amfani, kwamfuta ta tambaya ko a bar shi, mai ita ya danna e da hannunsa. Daga nan sai ya sami wuri ya zauna, ya riƙa tashi duk lokacin da aka kunna ta. Yana naɗe duk harafin da aka buga, yana ɗaukar hoton allo, ya buɗe wa ubangidansa ƙofar baya ya shigo daga ɗakinsa ya kwashi abin da ya ga dama.

"To ai magana ta ƙare," Alhaji Bubayero ya ce yana gyara babbar riga. "Wa ke danne-danne a nan in ba ita ba? Malam, kar a ɓata wa yaron nan lokaci, a sallame shi."

Malam Ja'afaru ya yi tsaki, ya nuna garkuwarsa. Ta yaya ɓarawo zai shiga ga maigadi a tsaye, kore shar? Jesse ya ce a ɗan yi masa haƙuri. Abin ba ya aiki sai an rubuta masa adireshin da zai riƙa kai kaya, kuma mutanenmu in aka ce su zaɓi suna, abin da suka fi so a duniya suke sakawa.

Ya matso da fuskarsa kusa da allo, ya karanta a hankali, ya ɗago.

"Yallaɓai, garkuwar nan taka ita ce ɓarawon. Ga sunan da take aika wa kayan kuma. A cikinku akwai wanda ya san wani Baban Ihsan?"